Amsa ga ƴar'uwar da ta tambaya ko ɗanta ba ya son mutane ne

Ƴar'uwa, sau biyu na karanta tambayarki, sai da na share hawaye. Kin ce ɗanki ba ya haɗa ido da ke, in yara sun taru ya ja gefe, kina tsoron ko otizim, wato yanayin nan na ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da cuɗanyar yaro, ya cire masa son mutane. Haka aka yi ta gaya mini a kan nawa, shekararsa bakwai yanzu.

Ranar wani suna a unguwar Birni, nan Damagaram, ba zan manta ba. Ana guɗa, ga kalangu, yaron ya toshe kunnuwa ya shige bayan randa. Sai yayar mijina ta ce a gaban mata, "Wannan ko uwarsa bai sani ba, ku kai shi a yi masa ruƙiyya." Aka yi dariya. Na saɓe shi muka hau kabu-kabu, ko tuwon ban taɓa ba. Matar da ko zazzaɓi ya yi ba ta taɓa leƙo shi ba! Har yau in mun haɗu a kasuwar Dole, gaisuwa ce kawai.

Su kansu masana bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2012 Chevallier da abokan aikinta suka ce irin yaran nan ba sa jin daɗin cuɗanya kamar sauran, shi ya sa ba sa nemanta. A 2019 Jaswal da Akhtar a Amurka suka ja da maganar, suka ce kau da ido ba ƙiyayya ba ce, masu otizim da yawa sun faɗa da kansu cewa suna son abokai, kallon idon ne ke musu nauyi. Ni ina bayan na biyun. Nan Damagaram ma, yaron da ya ƙura wa babba ido ba marar kunya muke ce masa ba?

Nawa, in ɗan maƙwabta ya shigo, ba ya ce masa uffan, sai ya jera masa marufan kwalba a gabansa. In ya tafi kuwa, ya tsaya bakin zaure yana kuka.

Don Allah ki daina kama haɓarsa kina cewa "kalle ni", na yi, na yi nadama. Zauna gefensa, ki yi abin da yake yi. Yaro ɗaya za ki riƙa kira masa, ba taro ba. Ki kai a auna jinsa a asibiti tukuna. Kar ki yarda a turara masa hayaƙi. Mushen lakwal ma, wato malamin makaranta, ki same shi tun wuri, mu sai da aka zane namu don bai yi gaisuwa ba.