Makin LSAT Bai Yi Mini Daɗi Ba: In Soke Ko In Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman gurbin karatun lauya na JD a Amurka. Na zana LSAT, jarrabawar shiga makarantun lauya, karo na farko na samu 157, alhali a gwajin da nake yi a gida ina kaiwa 163. Na biya kuɗin Score Preview, wato tsarin ganin maki kafin a nuna wa makarantu, don haka ina da damar sokewa. In soke?
Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawararmu ita ce kada ki soke.

Makin LSAT daga 120 yake zuwa 180, kuma 157 ya haura na tsakiya. Tun shekarar 2006 ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta amince makarantu su riƙa kai rahoton maki mafi girma na kowane ɗalibi, ba matsakaici ba. Shi ya sa yawancinsu mafi girman suke dubawa. In kika sake zama kika samu 164, wannan 157 ɗin ba zai ja ki baya ba. Idan kuma kika soke, sannan aka yi rashin sa'a kika sauko 154, kin ga ke nan kin zubar da abin da ya fi, domin abin da aka soke ba ya dawowa.

Sokewa ma ba ta goge sawu. Hukumar LSAC mai shirya jarrabawar za ta nuna wa makarantu cewa kin zauna kin soke, lambar kawai za ta ɓoye, mai dubawa kuwa yana iya zaton ta fi haka muni. Ba a mayar da kuɗi, kuma zaman yana cikin lissafi: sau 5 aka yarda cikin shekarun da maki ke aiki, wato kimanin shekara biyar, sau 7 a duk rayuwa.

Sokewa tana da amfani idan akwai maki mai kyau a ajiye, sabon kuma ya faɗi ƙasa sosai, ko kuwa rashin lafiya ko matsalar kwamfuta ta hana mutum kammala wani sashe. Ke ba ki cikin waɗannan.

Ki kula da lokaci: kwana 6 gare ki daga ranar da sakamako ya fito. In ba ki taɓa komai ba, makin zai shiga kundinki da kansa.

Kafin zama na biyu, ki gano inda maki shidan suka zube. Sau da yawa gwajin gida ba a tsaurara agogo. Ki riƙa yin sassa huɗu na jarrabawar a jere, kowanne minti 35. Ki yi rajista da wuri, domin makarantu da dama suna duba takardu ne yadda suke isowa, gurabe da tallafin karatu suna raguwa. Idan kuma kina da digirin lauya na farko, LLB, daga gida, ki duba shirin LLM, wato digiri na biyu a fannin lauya, wanda galibi ba ya buƙatar LSAT.