Amsa ga ƙanena mai son zuwa Italiya koyon gyaran zane

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan tun da ka ga hotona a gidan tarihin Umbriya da ke Peruja. Ka ce hannunka ya faɗa a zane, in nemo maka gurbin karatu. To, saurara.

Abin da ya fara girgiza ni ba sanyi ba ne. Ranar da na hau benen Palazzo dei Priori, inda aka ajiye zane-zanen, sai na tarar kusan duk daga coci-coci aka kwaso su. Nana Maryam riƙe da jariri, Annabi Isa a kan gicciye, ɗaki bayan ɗaki. Na daɗe tsaye gaban aikin mai zane Perugino, wanda ya rasu a 1523, zuciyata na bugawa. Mai wannan sana'a da waɗannan fuskokin zai yini, hancinsa dab da su. Ka zauna da Baba da malaminka ku yi maganar nan tun kana gida. Ni ban yi ba, na sha wuya.

Kuma iya zane ba shi ne aikin ba. Tsofaffin zane-zanen a kan katako suke, an shafe shi da farar ƙasa da danƙo, an kwaɓa launi da kwaiduwar ƙwai, an manna zinariya wadda numfashi ma kan ɗaga ta. Ƙwari na cin katakon ta ciki, laima na kumbura shi. Shekara biyu ina wanke kwalabe a shagon wani mai gyara, bai bari na taɓa ko gefen allo ba, alhali ɗan garin da ya zo bayana wata shida ya yi aka miƙa masa. Har yau abin na yi mini ciwo. Ranar da aka ba ni tsinke da auduga na goge dattin ɗaruruwan shekaru daga wuri kamar faɗin farce, shuɗin ya fito, sai da na yi ƙwalla.

Karatun shekara 5 ne, manyan makarantunsa na Rum da Fulorans, da jarrabawar shiga, duk da Italiyanci. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarje masa aiki a mako, kada ka ɗora kuɗin haya a kai. Takardar izinin zama kuwa cikin kwana 8 na aiki da saukarka ake nemanta.

Fara koyon harshen yanzu. In ka yi wata shida ba fashi, kira ni. Filin Inna kuma kada wanda ya taɓa shi.