Maƙwabci ya tare mini ruwa a kanal, tumatirina ya ƙone: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ina zaune a Gwammaja, amma ina taɓa noman rani a yankin Kadawa. Bana na karɓi hayar eka biyu a ƙarshen wani ƙaramin kanal, na biya kuɗin ruwa ta hannun mai gonar. Wanda ke sama da ni yana jera buhunan yashi ya tare ruwan har a ranar da take tamu, ya kuma kafa inji yana ja zuwa wata gonarsa da ba ta cikin tsarin. Tumatirina ya yi fure ya zubar. Yarana sun ce mu je da dare mu fasa, wani aboki kuma ya ce hukuma zan kai ƙara tunda ita ke karɓar kuɗi. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai, ka tsawata wa yaran nan yau ɗin nan. Final Kod, wato dokar manyan laifuka ta Jihar Kano, ta ɗauki lalata hanyar ruwa ko karkatar da shi don a cuci wani a matsayin laifin ɓarna, wannan kuwa makami ne a hannunka. Amma idan aka je cikin duhu aka fasa, aka taɓa injinsa, ko gefen kanal ya zube, ko aka yi rauni, kai da ka zo neman haƙƙi kai za a gurfanar. Idan za a ɗauke buhunan, a ɗauke su da rana, a gaban shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwan kanal ɗin.

Ruwan da kuke jayayya a kai ba naka ba ne, ba nasa ba ne. Daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke da hedikwata a nan Kano. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta damƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, Kogin Kano kuwa yana gangarawa Jigawa har Yobe. Abin da ka mallaka shi ne rabo: ranarka da awoyinka a jadawalin ban ruwa. A kan wannan rabon shari'arka za ta tsaya ko ta faɗi.

Maƙwabcin naka zai iya cewa ai dokar ta ba wanda gonarsa ke bakin ruwa damar ɗiba don ban ruwan kansa ba tare da biya ba. Haka ne, akwai wannan a dokar. A fahimtata ba za ta kare shi ba, don kanal ginanne ne da aka auna wa yawan gonakin da zai shayar, ba rafin da Allah ya tsaga ba. Duk wanda ya ƙara gona daga waje da inji, daga bakin na ƙarshen layi yake cirewa.

A fiƙihunmu ma haka abin yake, kuma a nan ne na sama suka fi fakewa. Za ka ji sun ce ai na sama shi ke fara sha. Gaskiya ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci tsakanin Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Madina cewa na sama ya shayar sannan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa, kuma Muwaɗɗa ta kawo iyakar: a riƙe ruwa zuwa idon sawu, sai a saki. To ko a can ɗin ba a ce a riƙe har abada ba. Sannan malaman Malikiyya sun bambanta: wancan hukuncin na ruwan kwari ne da ba wanda ya gina masa hanya. Ruwan da ake tarayya a hanyarsa kuwa raba shi ake yi bisa rabon kowa, na sama bai fi na ƙasa ba. Ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" ta isa alƙalin Kotun Shari'a ya sa a buɗe hanya, ya kuma ɗora wa mai tarewa biyan abin da ya lalace.

Inda nake jiye maka shi ne hujja. Kai ɗan haya ne, kuma ka biya ta hannun mai gona, wato mai yiwuwa sunanka ba ya cikin rajistar ƙungiyar masu amfani da ruwa ta wannan kanal, waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa aka bar musu kula da ƙananan hanyoyin ruwa. Ka je wa mai gonar a satin nan, ka karɓi rasit ɗin kuɗin ruwa, ya rubuta maka takardar haya ko da layi biyar ce, da shaidu biyu. Ka nemi jadawalin rabon ruwa daga shugaban ƙungiya. Ka ɗauki hoto da bidiyo a ranar da take taku: buhunan, bakin tiyon injin a cikin kanal, da fangalinka yadda ƙasa ta tsage furen ya zube. Ka kira malamin gona ya duba ya rubuta abin da ya gani, musamman ya bayyana cewa ƙishin ruwa ne, don abu na farko da lauyan maƙwabcin naka zai ce shi ne tsutsa ce ta cinye. Kotu ba ta ba da diyya a kan "na yi asara mai yawa". Sai ka nuna kuɗin iri, taki, magani, ƙwadago, da farashin kwando a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a lokacin da ya kamata ka tsinka. Kuma doka na son ganin ka yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage: idan akwai rijiya kusa, ka hayi inji, ka ajiye rasit, wannan ma zai shiga lissafi.

Da takardun nan a hannu, ka rubuta koke ga ƙungiya, ka ba ofishin hukumar da ke kula da aikin ban ruwan kwafi, a buga maka hatimin karɓa. Su ke da ikon cire shinge da hana kafa inji, kuma sun fi kowace kotu sauri. Ka sanar da dagaci. Idan maƙwabcin ya ƙi ji, akwai Cibiyar Sulhu ta Babbar Kotun Kano, inda yarjejeniyar da aka cimma alƙali ke sa mata hannu ta zama hukunci. Ni na fi son wannan gare ka, tunda baɗi ma kanal ɗaya za ku sha. Idan sulhu ya ci tura, sai ƙarar neman diyya tare da odar wucin gadi da za ta hana shi tarewa kafin a gama shari'a, ko ƙorafin ɓarna wajen 'yan sanda.

Shawarar abokinka kuwa, ban goyi baya ba. A labarinka ruwa ya iso kanal ɗinku, mutum ne ya tare shi. Ƙarar hukumar tarayya tana zuwa da jayayya kan wace kotu ce ke da hurumi, ga kuma Dokar Kare Jami'an Gwamnati da ta sa wa'adin wata 3 a irin waɗannan ƙararraki, ko da yake tana da togaciya. Sai dai idan ka kai koke a rubuce aka yi biris, ko ka sami shaidar cewa da sanin wani ma'aikaci ake yi, to ka dawo da wuri kafin wa'adin ya wuce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman jadawalin sakin ruwa a rubuce, kuma kwana 7 aka ba hukuma ta amsa.

Kada ka daina biyan kuɗin ruwa don fushi, domin rasit ɗin shi ke nuna kana da rabo. In za ka sake haya baɗi, a rubuta cikin takardar wa zai biya kuɗin ruwa, wa zai yi aikin yashe kanal da cire ciyawar kacala, kuma a sa sunanka a rajistar ƙungiya tun kafin ka zuba iri.