Orange Pi PC ya ƙi tashi bayan ka saka U-Boot

Ɗan'uwa, ka ce ka gina U-Boot, manhajar da ke tayar da allon da zarar an kunna shi, ka kwafe fayil ɗin cikin katin memori, amma Orange Pi PC ɗinka, wato ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, ko motsi. To, a kwafewar nan matsalar take. Guntun Allwinner H3, ƙwaƙwalwar allon, ba ya duba fayiloli, kai tsaye yake neman manhajar tashi a daidai kilobait 8 daga farkon kati.

Fara da make orangepi_pc_defconfig, sannan make CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- don a gina shi wa ARM, nau'in guntun da ke allon. Abin da kake so shi ne u-boot-sunxi-with-spl.bin. Rubuta shi a katin da umarnin dd, ka sa sunan katinka a madadin sdX:

dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/sdX bs=1024 seek=8

Kafin ka danna, duba lsblk, umarnin da ke jera sunayen faifai, da kyau. Dukan katin ake nufi, sdb ba sdb1 ba, kuma in ka kuskure ka sa faifan kwamfutarka, dd ba ya tambaya, shafewa kawai yake. Bari ɓangaren farko na katin ya fara daga megabait 1 don kada ya taka U-Boot, da tsarin raba faifai na MBR.

Don ka ga saƙonnin allon a kwamfutarka, ka nemi wayar USB-TTL mai haɗa su, mai volt 3.3, gudu 115200, TX (mai aikawa) zuwa RX (mai karɓa), RX zuwa TX, GND da GND. In "U-Boot SPL" ya fito, guntun da rai.

Wuta kuma ta ramin caja mai zagaye take shiga, volt 5, amfiya 2, ba ta micro USB ba. Katin ma yana iya zama na jabu, gwada wani.

In har yanzu shiru, ko allon na zafi kamar garwashi, cire shi ka kai wa mai gyaran salula ya auna layukan wuta da mita.