Kunamar bindiga ta rikice bayan an goge ta

Malam, ka ce bayan ka goge kunamar ƙaramar bindigarka don ta yi laushi, ka kuma taɓa makullin kariya, yanzu wani sa'in ba ta tashi, wani sa'in kuma ta tashi da ka zare makullin. Na biyun shi ne abin tsoro. Daina ɗaukarta tukuna.

Cire gidan harsashi, sannan ka ja saman bindigar baya ka duba cikinta da idonka, don guda yakan saura a ciki. Nan mutane suka fi yin kuskure.

Akwai 'yar ƙugiya mai aiki tare da kunamar, ita ke riƙe gudumar da ke bugun harsashi. A wasu bindigogi fuskarta kaɗai aka taurara, in ka goge ta ka cinye taurin, sai ta riƙa zamewa. Ko faɗuwa ƙasa bindigar ta yi tana iya tashi. Zuba mai ba ya gyara wannan, ƙarin guga kuwa sai ya ƙara ɓata ta.

In harsashi ya ƙi tashi, bar bakin bindigar yana kallon ƙasa ka jira daƙiƙa 30. Kar ka leƙa bututu.

Kai ta ga mai gyara mai izini a Garwa ko Marwa, ya sa kayan kamfaninta na asali. Tafi da takardunka, dokar makamai ta 2016 a Kamaru ba ta wasa.