Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya kan karɓar adibas ɗin maganin koko

Salamu alaikum. Ɗan'uwa wallahi tun daren jiya na ga tambayarka na kasa wucewa, sau biyu ina rubutawa ina gogewa don ka fama min tsohon miki. Ka ce kwanson kokonka ya fara baƙi, ruwa ba ya ɗagawa, ba ka da kuɗin magani, ga wani mai saye ya ce zai baka magani da ɗan kuɗi a kan duk abin da gonar ta bayar bana nasa ne a farashin da za ku yanke tun yanzu. Ka karɓa ko kar ka karɓa? Ni na karɓa a 2023, saurari yadda muka ƙare.

Gonata tana nan wajen Baissa a Kurmi, kadada biyu da ɗoriya, tsohuwar gona ce na saya a hannun wani dattijo, wasu itatuwan ma sun girme ni. Daminar 2023 ruwa kullum, ka shiga gona da safe ka ga ɗigon baƙi a gindin kwanso bai fi kwabo ba, kafin sati ya zagayo ya cinye kwanson gaba ɗaya, ga wani fari-fari kamar toka a kai, ga ƙarni kamar na kifi. Duk wanda ya taɓa jin warin nan a gonarsa ya san yadda gaba ke faɗuwa. A lokacin maiɗakina tana kwance ba lafiya, abin da na ajiye na magani duk ya tafi asibiti.

Sai ga mai sayen kokona a kan mashin. Kuma ba baƙo ba ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Mun yi shekaru ina kai masa kaya, ya ci tuwo a gidana, da aka yi sunan ɗana na uku da shi aka raba goro. Ya zauna a inuwa ya ce haba Malam ai ba za mu zuba ido gonarka ta lalace ba muna raye. Ya sauke min katan ɗin magani na leda, ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, ya ce kilo naira 1,800 za mu tsayar, yaronsa ya rubuta a takarda na sa hannu ko karantawa ban yi da kyau ba, hankalina yana asibiti. Har addu'a na yi masa da zai tafi, na raka shi bakin hanya. A watan Yunin 2023 ɗin ne fa gwamnati ta saki naira ta fara zubewa, shi yana waya da manyansa na Legas kullum ya san inda kasuwa ta dosa, ni ina daji ko sabis sai na hau tudu.

Maganin da ya kawo kuwa da na yaga leda sai na ga garin ya dunƙule kamar siminti ya sha iska, wajen kwanan wata an kankare. Na kira shi ya ce haka yake zuwa. Sau uku ina feshi da famfo a baya har kafaɗata ta saɓule, baƙin nan ko gezau. Ƙarshe mashin ɗina na sayar na je na sayo na gaskiya, kafin nan kusan rabin kwanson farko ya tafi. Amma a takardarsa an rubuta katan ɗin nan a kaina da tsada fiye da na kasuwa.

Da aka shiga kaka, daga Oktoba, farashi ya fara hawa, kafin ƙarshen shekara ya ninka abin da muka yanke. Maƙwabtana suna kai kaya suna dawowa da fara'a, ni ina kai nawa a 1,800. Na je na same shi na ce Alhaji dubi girman Allah ka ɗan ƙara min wani abu, ya ce alƙawari kaya ne. To na yarda alƙawari kaya ne, na tambayi malaminmu ma ya ce sayar da amfani kafin ya zo yana da hanyarsa a shari'a, amma sai an biya kuɗin duka a zaman ciniki, an san awo an san ranar bayarwa. Namu ba haka ba ne, ɗan wani abu ya bayar ya riƙe gona sukutum. Duk da haka na ci gaba da kai masa saboda kunya da sa hannun da na yi. Sannan sikelinsa. Na taɓa auna buhu a wajen wani abokina kafin in kai, a wajen Alhajin ya ragu da kilo uku, ya kuma cire na buhu, ya damƙi 'ya'yan a hannu ya murza ya ce da sauran danshi ya sake cirewa, kayan da na yi kwana bakwai ina shanyawa a tamfol, in ka matsa ɓawon yana ƙaras-ƙaras.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta watan Afrilu 2024. Lokacin a rediyo ana ta faɗin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, a nan gida kilo ya kai naira dubu goma. Na tattara ɗan kokon tsakiyar shekara da abin da na rage, buhu biyu, na ce wannan dai nawa ne, in biya kuɗin makarantar babban ɗana in maido mashin. Da la'asar sai ga shi da yara biyu da takardar nan, wai lissafi bai cika ba, akwai ragowar kuɗin magani da abin da ya hau kai. A tsakar gidana, a gaban ɗana da ya taya ni fasa kwanson nan ɗaya bayan ɗaya har hannunsa ya yi kanta. Yaron ya riƙe bakin buhu ya ƙi saki yana kallona, ni na ce masa saki. Har yau in na tuna kallon da ya yi min sai in ji abinci ya fita raina. Suka ɗaure a mashin suka tafi, ya ma ce a gaida mai jiki. Zangon nan yaron bai koma makaranta ba. Na bar shi da Allah, muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana miƙo min hannu, ina karɓa, amma zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Don haka ni dai kar ka yanke farashi yau. In dole ta sa sai ka ci bashi, ka ci bashin kuɗi a matsayin kuɗi, a rubuta nawa ne, ranar awo a yi maka farashin ranar a cire nasa ka ɗauki sauran. Kuma kar ka ɗaure gonar duka, ka ce buhu kaza, da shaidu biyu naka ba nasa ba, kai ma ka riƙe kwafin takarda. Wani zai ce ai a 2025 farashi ya faɗo, da wanda ya yanke da wuri ya ci riba. Ka tambayi waɗanda abin ya shafa, da ya faɗo masu sayen dawowa suka yi suna cewa a sake zama. In ya hau alƙawari, in ya sauka a sake zama.

Kuma tun kafin maganar magani, gobe da sassafe ka ɗauki adda da buhu ka bi itace-itace ka cire duk kwanson da ya taɓu, har busassun bara da ke maƙale, ka fitar da su daga gonar ka binne. Kar ka zubar a gindin itace, feshin ruwan sama ne ke ɗaukar cutar daga ƙasa da ruɓaɓɓen kwanso ya watsa wa mai lafiya. Wannan ba ya cin ko sisi, ni ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da na sha wuya. Duk sati ka zagaya. Ka rage rassa iska ta shiga, ka sare kauci, ka nome ciyawa, gonar da ta yi duhu ba ta rabuwa da wannan ciwo. Magani kuma gara ka sayi leda goma mai kyau da kuɗinka da katan na bashi, ka duba lambar NAFDAC da kwanan wata da idonka, mai sinadarin jan ƙarfe, ka fesa a jikin kwanson kansa duk bayan sati biyu zuwa uku, ba lokacin da hadari ya haɗo ba. Dan Allah ka rufe hanci da baki, mu da yawa muna wasa da wannan.

Abin yana ba ni takaici wallahi. Tun 1986 da aka rushe hukumar koko aka bar manomi shi da ɗan kamasho, a Ghana ko ba komai hukumar kokonsu COCOBOD tana sanar da farashi kowa ya ji, duk da su ma suna kukansu. Mu a nan hanyar Mararraba zuwa Baissa kaɗai ta isa ta sa ka sayar a yadda aka taya, wa zai ɗauki buhu biyu ya fita da shi da damina? Ga ɓarayi, tun da kaya ya yi kuɗi har kwana muke a gona, ɗanyen kwanso ake sata a kan itace. Ni yanzu a hankali nake cire tsofaffin ina dasa irin CRIN, cibiyar binciken koko ta Ibadan, a ƙarƙashin ayaba, wanda ke fara 'ya'ya a shekara biyu zuwa uku, ayabar ce ma ke riƙe gidan kafin nan. Mu bakwai kuma muka haɗa adashi muka sayi sikelinmu, daga kuɗin kaka kowa yake ware na maganin damina a ajiye wajen mutum ɗaya, ba a taɓawa ko biki ko suna.

Ba ka faɗi ko itace nawa gare ka ba da kuma yankin da kake. In mutumin ya riga ya kawo maganin ka ɗauki hoton ledar gaba da baya ka turo mu gani kafin ka yaga ko ɗaya, in ka yaga ya zama naka. Allah ya ba ka mafita, ya tsare maka abin da ya rage a gonar.