Matar da ta biya Haruna Rashid haraji

Tambaya: Malam, na ji a wajen karatun tarihi cewa wata sarauniyar Rumawa ta taɓa biyan Haruna Rashid haraji. Wace ce ita, kuma yaya aka yi mace ta hau gadon Rum?

Amsa: Sunanta Irini, 'yar birnin Atina ce a ƙasar Girka. A 769 aka kai ta Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, aka aura wa Liyo, wanda daga baya ya zama sarki Liyo na huɗu. Ya mutu a 780, ya bar ɗansu Kustantin yana ɗan shekara tara, sai uwar ta karɓi riƙon sarauta.

Zancen haraji gaskiya ne. A 782 halifa Mahadi ya tura ɗansa Haruna, a lokacin bai hau halifanci ba, ya keta Anatoliya, wato yankin Turkiyya ta yau, har bakin mashigin Bosforus, yana hangen Kustantiniyya. Aka kama babban wazirin Irini, Istaurakiyos, a wurin tattaunawa, ta yarda da sulhun shekara uku da biyan dubban dinarai kowace shekara. Wasu na kiran wannan ragwanci. Ni a ganina ta san inda wutar take: maƙiyan da suka fi yi mata barazana suna cikin gida.

Duba yadda ta bi da su. 'Yan'uwan mijinta da aka ƙulla makirci don ɗaya daga cikinsu ya hau gado, ta tilasta aka naɗa su limaman coci, domin limami ba ya sarauta. Manyan muƙamai ta danƙa wa babanni, wato mazan da aka dandaƙe, saboda baba ba shi da hanyar zama sarki. Ga kuma rigimar hotunan Annabi Isa da waliyyai, waɗanda sarakunan baya suka hana girmamawa, sojoji kuma suna goyon bayan hanin. Da ta kira taron malaman Kirista a 786, sojojin fada suka tarwatsa shi. Ba ta yi gaggawa ba. Ta fitar da su daga birni da sunan za a tafi yaƙi, ta sallame su, sannan a 787 aka zauna a birnin Nikiya aka maido da hotunan.

Abin da ke ɓata min rai a tarihinta shi ne ɗanta. Ya girma ta ƙi sakar masa. Sojoji suka kau da ita a 790, shi da kansa ya maido ta a 792, amma a 797 mutanenta suka kama shi suka ƙwaƙule masa idanu a cikin fadar da aka haife shi. Babu dabarar mulkin da za ta wanke wannan.

Daga nan ta yi mulki ita kaɗai, har kuɗin zinariya aka buga da hotonta gaba da baya. A Yamma kuwa aka ɗauka gadon Rum ba kowa tunda mace ce a kai, kuma wannan na cikin hujjojin da aka kawo lokacin da Paparoma Liyo na uku ya naɗa Sharlaman, mai mulkin yankin Faransa da Jamus na yau, sarkin sarakuna a 800. A 802 ma'ajinta Nikiforos ya kifar da ita, aka kai ta tsibirin Lesbos, inda ta mutu a 803. Nikiforos ne ya ƙi ci gaba da biyan harajin da Irini ta sake yarda da shi daga baya, Haruna ya ɗaura masa yaƙi.